BAZARA TA SHIGO, MANOMA A YI SHIRI

Hunturu ya wuce. Ƙurar nan da ta rufe sama tun watan Disamba ta kwanta, faso da kaushi sun fara saki, bargo ya koma cikin adaka. Masu jin ɗumi da asuba a ƙofar gida sun watse, don yanzu ba mai neman wuta sai mai girki. Tun hantsi bai dubi ludayi ba gumi ke karyo wa mutum, da azahar kuwa ko kare ba ya yarda ya taka rairayi. Watau dai bazara ta shigo.

Mutanen dā sun kasa shekara kashi huɗu, damina da kaka da rani da bazara. Malamai masu lissafin taurari kuma su kan ƙidaya taurari 28, kowane da kwana 13, sai guda ɗaya mai kwana 14, jimla kwana 365 ke nan, kowane kashi na shekara ya sami taurari bakwai. Cikin na bazara akwai Surayya, wadda mutanen karkara su ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Idan aka ga Kaza tana yin ƙasa wajen yamma da magariba, har wata rana a neme ta a rasa, to, tsofaffi su kan ce ruwa ya kusa.

Mutane da yawa suna ɗaukar bazara lokacin zaman inuwa ne da fifita, ana jira a ga abin da sama za ta yi. Wannan kuwa kuskure ne babba. Hatsin da zai shiga rumbu a watan Oktoba tun a watan Afrilu a ke fara nemansa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

DALILIN ZAFIN

Da farko ya kamata a san abin da ke kawo zafin nan. Cikin rabin ƙarshe na watan Afrilu rana ta kan bi ta tsakar ka sosai a ƙasashen Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, har mutum ya tsaya da tsakar rana ya nemi inuwarsa ya same ta ƙarƙashin sawunsa. Ga shi babu gajimare, ƙasa kuma ta bushe ƙayau, babu laimar da za ta sanyaya ta. Saboda haka a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi ma'aunin zafi ya kan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce, a cikin inuwa ma ke nan.

Amma zafin ba na banza ba ne. Idan ƙasa ta gasu, iskar da ke bisanta ta kan yi sauƙi ta tashi sama, sai wata iska mai laima ta taso daga teku, ta kudu maso yamma, ta maye gurbinta. Ita ce ke ture busasshiyar iskar hamada, tana mai da ita arewa kaɗan kaɗan. Shi ya sa a ke ganin hayaƙin murhu ya sake gefe, fatar ganga ta saki, dare kuma ya yi nauyi. Inda iskokin nan biyu suka gamu, nan a ke samun holoƙo da hadari. Da ya ke daga kudu abin ke tahowa, ruwa ya kan sauka a Zariya kafin Kano, a Kano kafin Daura, a Daura kafin Tanut. Don haka manomin Daura da ya ji labari an yi shuka a Zariya, kada ya yi garajen ɗaukar sungumi. Nasa yana tafe.

YADDA A KE TARYARTA

Kowane gari yana da yadda ya ke taryar bazara. Abin da a kan fara shi ne fito da tabarmi da gadajen kara tsakar gida. Samari su kwana a dandali ko a ƙofar gida, masu soro su hau bisa. Hira ta kan yi tsawo, tsofaffi mata suna yi wa yara tatsuniya har barci ya kwashe su ɗaya ɗaya. Da rana kuwa fura da nono, da kunun tsamiya, da farau-farau, da zoɓo, su ne abokan zama. Kasuwar masu ginin tukwane ta kan buɗe, gama kowa yana son sabuwar randa. Dalili kuwa, sabuwar randa tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, wannan bushewa ita ke sanyaya na ciki. Masu neman lada su kan kafa randa da moɗa a ƙofar gida saboda masu wucewa.

Itatuwa ma suna nasu. Mangwaro ya nuna. Ɗorawa ta bushe a bisa, yara su sha garin, mata su tara kalwa don daddawa, ɓawon kuma a jiƙa shi a yi makuba a shafe soro da katanga. Masu ɗakin ciyawa su yi baibaya, masu soro su yi yaɓe su gyara indararo. Yanzu ne kuma a ke yashe rijiya, don ruwa ya yi ƙasa iyakar yinsa, rijiyar da aka zurfafa yanzu ba za ta ba da kunya ba sauran watanni. Can sai a wayi gari a ga shamuwa ta sauka bisa tsamiyar tsakiyar gari tana ɗaukar tsinke. Ba mai jifanta, don kowa ya san baƙuwar alheri ce, daga inda ruwa ya ke ta fito.

A daji kuwa lokacin farauta ne, samari da karnuka da gora, ana kiɗa ana kirari. A dā, wajen Maguzawa da 'yan'uwansu na ƙasar Nijar, ba a fita babbar farauta sai manya sun yi bikin buɗar daji tukuna. Haka nan masu bakin tafki, ba a shiga su sai ruwa ya ja baya, Sarkin Ruwa ya sa rana, sa'an nan gari duka a faɗa ciki da homa da gora.

Sun da ya fi kowane suna shi ne na Argungu, wanda a kan yi wajen watan Fabrairu ko Maris a Matan Fada. Bikin ya samo girmansa ne daga 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa su don murnar zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba. Dubban masunta su kan yi layi a bakin gaɓa, da an ba da alama su ruga cikin ruwa, a yi kamar sa'a guda ana fafatawa, wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi shi ya ci. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. An yi shekara wajen goma ba a yi shi ba, sai a 2020 aka farfaɗo da shi.

To, akwai abin lura a nan. Me ya sa a ke samun manyan kifaye a Matan Fada? Don an hana kamun kifi a wurin sauran kwanakin shekara. Kifin da a ke kamawa cikin sa'a guda, watanni aka yi ana haƙuri da shi. Idan aka duba al'adun nan duka, da baibaya, da yashe rijiya, da hana su sai ran da aka sa, za a ga abu ɗaya ne a cikinsu, watau tanadi. Mutanen dā ba su raba wasan bazara da aikinta ba. Ga ayyukan da ke gaban manomi yanzu.

SASSABE DA WUTA

Aiki na fari shi ne sharar gona. Yawancin mutane sun saba su sare duk abin da ya tsiro, su tattara kara da ganye, su cinna wuta, gona ta yi fes kamar tsakar gida. Tana da kyaun gani, amma hasara ce. Abincin shuka mafi tsada, wanda a ke sayen takin Yuriya saboda shi, yana bin hayaƙi ne ya tafi. Tokar da ta rage kuma iskar hadarin farko ta kwashe ta ta kai gonar wani. Ƙasa ta zauna tsirara, rana ta gasa ta, ruwan farko ya daddaɓe ta ya wuce bai shiga ba. Abin da ya fi shi ne a tara ƙaya da busasshiyar ƙuduji wuri ɗaya a ƙone su kaɗai, da sassafe ko da yamma sa'ad da iska ta kwanta. Guntayen kara da ganye kuwa a bar su kwance bisa ƙasa. Suna tare rairayi, suna rage zafin ƙasa, gara kuma ta ci su ta huda ƙasa ruwa ya sami hanyar shiga.

Wutar farauta ita ma haka. Don ɓera ɗaya ko zomo a kan ƙone abincin garke guda, wani lokaci har da rumbunan mutane. Ya kamata masu unguwanni da dagatai su ja kunnen samari tun kafin a fita.

Sai maganar itace. Wanda ya ke da gawo a gonarsa ya riƙe shi da kyau. Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa, da damina ya ke zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki daidai lokacin shuka, 'ya'yansa kuma suna zuba cikin zafin nan sa'ad da dabbobi ba su da abin ci. Dabbobin su taru a inuwarsa, su bar kashinsu nan. Kowa ya duba da kaka zai ga geron gindin gawo ya fi na sarari. Sarakunan Damagaram na dā sun san haka, shi ya sa suka hana sare shi.

A ƙasar Maraɗi, daga 1983, wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da a ke sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu suna can ƙasa. Sai ya shiga roƙon manoma, maimakon su sare duka, su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture su bari, su datse sauran. Da fari dariya aka yi masa. Yunwar 1984 ce ta sa mutane suka gwada. Wannan shi ne abin da a ke kira sassabin zamani, kuma an ƙiyasta ya mai da itatuwa bisa gonaki wajen hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban ruwa ba. Adda ce kawai da haƙuri, kuma yanzu ne lokacin yinsa.

TAKI

Aiki na biyu kai taki. Manoman kewayen Kano sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa su ke noma gona ɗaya kowace shekara tun kaka da kakanni ba ta mutu ba. Jaki ya kai itace birni, ya komo da mangalar taki. Yanzu hanya a bushe ta ke, amalanke da jaki suna shiga ko'ina, in ruwa ya sauka kuwa sai a yi ta fama da taɓo.

Amma a lura da abu uku. Na ɗaya, in an kai taki a zuba shi tsibi tsibi, in da hali a ɗan rufe da ƙasa, kada a baza shi sai ruwa ya kusa, don rana da iska suna cinye ƙarfinsa. Na biyu, ruɓaɓɓen taki a ke so. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona tsiro, yana kuma kawo irin ciyawa. Na uku, bolar birni ta yanzu ba irin ta dā ba ce, cike ta ke da leda da fasassun kwalabe da matattun batura. A tsince su kafin a kai gona. Wanda kuma ya sami Fulani kusa, ya yi shiri da su shanu su kwana a gonarsa, a riƙa matsar da makwancin bayan 'yan kwanaki don taki ya game. Wannan tsohuwar amana ce tsakanin manomi da makiyayi, kowa yana cin moriyarta.

Mai faƙo, watau ƙasar da ta daskare ruwa ba ya shigarta, kada ya fid da rai. Manoman ƙasar Tawa, musamman wajen Illela, tun ƙarshen shekarun 1980 su ke rayar da irin wannan ƙasa da tassa. A haƙa rami mai faɗin kamu ɗaya, zurfinsa kusan haka, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Tsakanin rami da rami kamar taki ɗaya na ƙafa. In ruwa ya zo ya taru a ramin, a shuka gero ko dawa a ciki. Aiki ne mai wuya, da bazara kuma a ke yinsa, amma yana mai da faƙo gona.

Takin zamani kuwa a saye shi tun yanzu in da hali, kafin kowa ya tasam masa ya yi tsada. Wanda ƙarfinsa bai kai ya baza wa gona duka ba, masu bincike na ICRISAT a Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan kaɗan ma yana amfani in an sa shi inda ya dace, watau kamar giram 6 na NPK, cikin murfin kwalbar lemo ke nan, a kowane rami, a gefe kaɗan kada ya taɓa irin. Yuriya kuwa ba a zuba ta a busasshiyar ƙasa, sai shuka ta tashi, ƙasa da laima, a kuma rufe ta.

IRI

Aiki na uku duba iri. Sau da yawa mutum ya kan ajiye iri tun kaka, ba zai buɗe ba sai daren da aka yi ruwa, sa'an nan ya tarar ƙwari sun mai da shi gari. Ga yadda a ke gwadawa. A ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a jera su bisa jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana bakwai a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsira. Gyaɗa a ba ta kwana goma. In 80 ko fiye suka fito, iri ya yi. In wajen 60 ne, sai a ƙara yawan ƙwaya a rami. In rabi ne ko ƙasa da haka, a nemi wani tun da sauran lokaci. Gyaɗar iri kuma kada a ɓare ta sai shuka ta kusa, gama zafi yana kashe ta in ba ɓawo.

Inda damina ba ta da tsawo, ya kamata manomi ya raba ƙafa, ya haɗa irinsa na gado da iri mai saurin nuna. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa tasharta a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fitar da iri iri na dawa da masara da gyaɗa da wake, sunayensu suna farawa da SAM. Akwai kuma geron SOSAT da manoma da yawa suka sani. A nemi malamin gona ya faɗi wanda ya dace da ƙasar mutum, a kuma saya a wurin da aka amince da shi. Irin da aka shafa wa magani, mai launin ja ko kore, guba ne. Ba a ci, ba a ba kaji, a kuma ɓoye shi daga yara.

RUMBU DA TURKE

Bazara lokacin bukukuwa ne, 'yan cin rani suna komowa da ɗan abin da suka samo, ga aure ga suna. Ba laifi a yi murna. Amma kafin mai gida ya ɗebi hatsi ya kai kasuwa, ya zauna ya yi lissafi. Daga Afrilu zuwa sa'ad da sabon gero zai shigo wata biyar ne. Gidan da ke cin tiya ɗaya a yini yana bukatar tiya 150, watau buhu huɗu ba kaɗan, in an lissafa tiya 40 a buhu. Ban da iri, ban da abincin 'yan gayya. Wanda ya sayar da hatsinsa yanzu don kayan biki, shi zai saye shi da tsada cikin marka, ko kuwa ya bar gonarsa ciyawa na ci ya tafi ƙwadago gonar wani don abin da za a ci da dare. Da haka talauci ke kama gida shekara da shekaru.

Masu shanun huɗa su ma su duba turke. Tun da aka fara koya wa manoma noma da shanu a Nijeriya ta Arewa a 1928, matsalar ba ta sake ba, lokacin da aka fi bukatar ƙarfin sa shi ne lokacin da ya fi ramewa. Harawar wake da ta gyaɗa da aka ɓoye bisa itace, yanzu ne ranarta. A haɗa da dusa da 'ya'yan gawo da ɗan kanwa, a shayar da su sau biyu ko uku a yini, a ɗaure su a inuwa. Saura mako biyu ko uku ruwa ya sauka a riƙa ɗaura musu karkiya suna jan amalanke, don wuya ya saba. Garma da fartanya da sungumi kuma a kai wa maƙeri tun yanzu. Ran da aka yi ruwa maƙera ba ta shiguwa.

LAFIYAR JIKI

Duk aikin nan sai da lafiya. Da sanyin safiya a ke kama fara. A fita tun asuba, a tashi kafin rana ta take, a koma bayan la'asar. A tafi da gorar ruwa da malfa, a riƙa sha tun ba a ji ƙishirwa ba. In mutum ya ji jiri da ciwon kai, a kai shi inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari, watau ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In kuwa jikinsa ya yi zafi rau, hankalinsa ya fara gushewa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti nan da nan. Tsofaffi da jarirai da masu ciki su zafi ya fi kayarwa.

Wannan kuma shi ne lokacin sanƙarau. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Cunkoso cikin ɗaki marar taga yana taimakonsa, saboda haka kwanan waje da a ke yi al'ada ce mai amfani. Sai dai a share wurin saboda kunama da maciji, a kuma ɗaura gidan sauro. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, ba kuma na turare ba ne, a kai asibiti ran nan. In masu allurar rigakafi sun zo a fito da kowa. Yara kuma a hana su wanka a kwantaccen ruwan kududdufi, nan a ke ɗaukar tsargiya. Mata su kashe wuta sarai bayan girki, gama danni da jinka sun bushe kamar auduga, iskar bazara kuwa ba ta sallama.

RUWAN FARKO

Saura babban gwaji. Wata rana da la'asar gabas za ta yi baƙi, iska ta taso da ƙura, a ji ƙamshin ƙasa, yara su fito tsirara suna tsalle cikin ruwa. Ba abin da ya kai wannan daɗi bayan wata biyu na ƙuna. Amma a nan ne manomi ya ke cin riba ko ya yi hasarar irinsa.

A ɗauki misalin maƙwabta biyu. Aka yi yayyafi da dare, ƙura ta kwanta. Na farko ya tashi iyalinsa da asuba, suka shuke gona duka, da gero da dawa da gyaɗa. Na biyu ya je gona ya tona da hannu, ya ga laima ba ta wuce tsawon yatsa ba, ƙarƙashinta ƙasa a bushe. Ya koma gida. Iri ya tsiro a gonar na farko, gwanin sha'awa. Sai sama ta ɗauke kwana goma sha biyar. Tsiron ya ƙone. Da ruwan gaske ya zo, na biyu ya shuka nasa, na farko kuwa ya shiga gari neman rancen iri, wanda zai biya da kaka ninki.

Masana yanayi suna lissafin damina ta kama ne in an sami ruwa wajen milimita 20, kusan inci ɗaya ke nan, cikin kwana uku, sa'an nan ba a yi fiye da mako guda babu wani ba. Manomi ba shi da ma'auni, amma yana da hannu. Ya tona a wuri uku ko huɗu cikin gona. In laima ta kai zurfin kamu guda, ƙasa kuma ta dunƙulu a tafin hannu, to, a yi bismilla. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, ta kan ba da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da a ke zaton ruwa zai kama a kowace jiha. A saurara a rediyo, a haɗa da abin da ido ya gani.

Masu binne, watau shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, suna da hujjarsu. Irin gero kaɗan ne ke shuke gona, in kuwa aka dace da ruwa mai yawa an riga kowa. Amma caca ce, don yayyafi kaɗan ya isa ya tayar da shi ya bar shi, ga tururuwa da zabi suna tono. Wanda zai yi, ya yi a wani yanki na gona, ya ajiye irin da zai maimaita. Gyaɗa da masara da wake kuwa, masu tsadar iri, ba a yi musu wannan wasa. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar a gaya musu abin da ake nufi da a wayi gari ba iri a gida.

Saboda haka a sha fura, a je su, a kwana a waje a sha iska, duk na bazara ne. Amma kafin shamuwa ta gama sheƙarta, ya zama gona a share ta ke, taki yana can, iri an gwada, garma ta dawo daga maƙera, hatsin marka kuma yana cikin rumbu ba a taɓa ba. Ba a fafe gora ran tafiya.

Mako mai zuwa za a yi bayanin tazarar shuka, da yadda a ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Allah ya kawo ruwa mai albarka, ya kiyashe da fari da ambaliya, amin.